Shin sanya kaki ya isa mutum ya zauna a hukumar sa ido kan lamuran tsoffin sojoji?

Wani ɗalibi mai karatun harkar gudanar da mulki ya aiko da wannan tambaya: "Malam, na ci karo da bayanin cewa a Amurka jihohi suna da hukumomin da ke sa ido kan lamuran tsoffin sojoji, kuma doka ce take fayyace wanda zai zauna a cikinsu, har da irin ilimin da za a nema a wurinsa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, idan mutum ya sa kaki ya bauta wa ƙasarsa, me kuma za a nema a wurinsa? Ashe wannan bai isa ba?"

Ɗan'uwa, amsar a taƙaice ita ce bai isa ba, ko da yake hukumar da babu tsoffin sojoji a cikinta ita ma ba za ta yi ƙarko ba. Aikin soja yana ba mutum haƙƙin yin magana da yawun 'yan'uwansa, yana kuma sa su yarda da shi, amma ba ya koya masa yadda ake karanta rahoton ma'aikatan jinya ko lissafin asusun rance. Kafin ka ga dalilin da ya sa dokoki suke neman ilimi na musamman, sai ka fara sanin abin da ake sa wa idon.

A Amurka gwamnatin tarayya ce take ɗauke da babban nauyin tsoffin sojoji, ta hannun ma'aikatar da aka fi sani da VA. Ita take biyan diyyar naƙasar da aka samu a bakin aiki, ita kuma take da manyan asibitocinsu. Abin da ya rage wa jihohi ba kaɗan ba ne: suna gudanar da gidajen kula da tsoffin sojojin da tsufa ko ciwo ya kwantar, suna da maƙabartu, wasu suna ba da rancen sayen gida ko fili, kuma suna da jami'an da ke taya mutum cike takardun neman haƙƙinsa daga tarayya. Gidajen nan sun samo asali ne daga yaƙin basasar ƙasar, na farko an buɗe shi a jihar Connecticut a 1864, kuma daga 1888 tarayya ta fara biyan jihohi dala 100 a shekara kan kowane tsohon soja da suke riƙe da shi. Yau gidajen sun haura 150. Tarayya tana biyan wani kuɗi a kan kowane mazauni kowace rana, tana iya ɗaukar har kashi 65 cikin 100 na kuɗin gini, tana kuma aiko masu duba gidan kowace shekara, amma ɗaukar ma'aikata, naɗa shugaban gida da tafiyar da aikin yau da kullum duk a wuyan jiha suke. Saboda haka idan ka ji an ce hukumar tsoffin sojoji ta jiha, ka sani cewa abin da ke gabanta shi ne asibitin tsofaffi, da wani abu mai kama da banki, da kuma ofishin da ke yanke hukunci kan wanda ya cancanci samun haƙƙi da wanda bai cancanta ba.

Sharaɗin farko da za ka tarar a yawancin dokokin shi ne na zama tsohon soja, kuma ko wannan ma ba a barin sa sakaka. A dokar tarayya, tsohon soja shi ne wanda ya yi cikakken aikin soja aka kuma sallame shi ba sallamar wulaƙanci ba, shaidarsa kuwa ita ce takardar sallama da ake kira DD-214, wadda take nuna ranar shiga, ranar fita da irin sallamar da aka yi masa. Jihohi suna ƙara nasu a kai. Wasu sukan ce dole sallamar ta kasance ta cikakken mutunci, wasu sukan ce sai wanda ya yi aiki a lokacin yaƙi, kuma a nan ne ake samun saɓani game da dakarun tsaron jiha waɗanda suka shafe shekaru cikin kaki amma tarayya ba ta taɓa kiransu aiki ba. Yawan kujerun da ake ware musu ma ya bambanta. A Kalifoniya mambobin hukumar bakwai ne, gwamna ke naɗa su, majalisar dattawan jihar ta amince, kuma dukansu dole su zama tsoffin sojoji. A Teksas mambobi biyar ne masu wa'adin shekara shida, aƙalla uku su zama tsoffin sojoji, aƙalla ɗaya kuma ya zama wanda aka tabbatar da naƙasarsa. A Misuri mambobi tara ne, biyar tsoffin sojoji da gwamna ya zaɓa, huɗu kuma 'yan majalisar dokoki, biyu daga kowane zaure, wato waɗanda suke da hannu a kasafin kuɗin da hukumar za ta ci.

Dalilin wannan sharaɗi a fili yake, kuma ban ga wanda zai raina shi ba. Dattijon da ya yi yaƙin Biyetnam yakan faɗa wa ɗan'uwansa soja abin da ba zai faɗa wa farar hula ba, musamman abin da ya shafi firgicin da ke tashinsa cikin dare ko kunyar da yake ji idan wata yarinya sa'ar jikarsa ce za ta yi masa wanka. Manyan ƙungiyoyinsu, irin su American Legion da aka kafa a 1919 da ƙungiyar naƙasassun sojoji ta DAV da ta biyo baya a 1920, su ne suka yi ta fafutuka har aka samu yawancin waɗannan haƙƙoƙi, don haka ba za su zuba ido a kafa hukuma da sunansu ba tare da su ba, kuma a jihohi da dama su ne suke miƙa wa gwamna sunayen da zai zaɓa daga ciki. Sai dai akwai abin da ya kamata ka lura da shi. Tun 1973 Amurka ta daina tilasta wa matasa shiga soja, don haka yawan tsoffin sojoji yana raguwa, kuma kamanninsu yana sauyawa: kusan ɗaya cikin goma yanzu mace ce, akwai kuma matasan da suka dawo daga Iraƙi da Afganistan da matsalolin da suka sha bamban da na magabatansu, kamar cututtukan da ake dangantawa da hayaƙin ramukan ƙona shara a sansanoni, waɗanda sai a 2022 dokar tarayya ta faɗaɗa karɓarsu. Idan aka bar zaɓe a hannun tsoffin ƙungiyoyi kaɗai, sau da yawa fuska iri ɗaya ce take dawowa, shi ya sa sababbin dokoki suka fara ware kujera don mace ko don wanda ya yi aiki a yaƙe-yaƙen baya-bayan nan.

Sharaɗi na biyu shi ne wanda ka tambaya a kansa, wato ilimi. Misalin da na fi so in fara da shi tsoho ne kuma gajere. A 1946 Teksas ta kafa hukumar filaye ta tsoffin sojoji, wadda daban take da mai mambobi biyar da na ambata, don ta ba waɗanda suka dawo daga yaƙin duniya na biyu rancen sayen ƙasa, kuma kundin tsarin mulkin jihar, yadda yake a yau, ya ce mambobinta uku ne: kwamishinan filaye na jihar a matsayin shugaba, sai mutum biyu da gwamna zai naɗa, ɗaya masani kan lamuran tsoffin sojoji, ɗaya masani kan harkar kuɗi. Hikimar ba ta da wuyar ganewa. Hukumar tana sayar da takardun bashi don ta tara kuɗin da za ta ba da rance, kuma idan babu wanda ya san kasuwar bashi a teburin, duk abin da ma'aikata ko dillalai suka kawo sai dai a sa hannu. Abin lura shi ne daga baya wannan hukuma ce aka ɗora wa gidajen kula da tsoffin sojoji da maƙabartun jihar, alhali kujerunta suna nan yadda aka tsara su don harkar rance. Irin wannan yakan faru da yawa: aikin hukuma ya girma ya sauya, jerin ƙwarewar da doka ta nema kuwa yana nan inda aka bar shi.

Kalifoniya ta bi wata hanya. Da yake tana ba da rancen gida tun 1921, tana kuma da gidaje takwas, ciki har da na Yountville da aka buɗe a 1884, sai dokarta ta haɗa sharuɗɗan biyu a kan mutum guda: kowane mamba tsohon soja ne, sannan an keɓe wasu kujeru ga masu ƙwarewa ta musamman a fannonin da suka shafi aikin ma'aikatar, kamar kula da lafiyar tsofaffi. An kuma keɓe kujera guda ga mutumin da yake zaune a ɗaya daga cikin gidajen. Wannan kujera ta ƙarshe ina ganin ta fi yadda ake ɗaukarta daraja, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mazaunin gida shi ya san ko abinci yana isowa da sanyi, shi ya san tsawon lokacin da ake ɗauka kafin a amsa ƙararrawar gefen gado da ƙarfe uku na dare, abubuwan da ba sa fitowa a rahoton da shugaban gida zai karanta wa hukuma. Rauninta kuwa shi ne mutumin yana kwana yana tashi a hannun waɗanda zai soka, don haka idan doka ba ta ba shi kariya daga ramuwar gayya ba, zai zauna ne kawai ya cika adadi.

Abin da ya fi komai nuna muhimmancin wannan magana shi ne abin da ya faru a jihar Masacusets a 2020, kuma zan ɗan daɗe a kansa. Jihar tana da gidaje biyu, ɗaya a Chelsea tun 1882, ɗaya a Holyoke tun 1952. A lokacin, gidan Holyoke yana ƙarƙashin kwamitin amintattu mai mutum bakwai, kuma abin da doka ta fi damuwa da shi game da su shi ne su fito daga gundumomin yammacin jihar. Shugaban gidan a lokacin, wanda ya hau tun 2016, shi ne Bennett Walsh, tsohon laftanar-kanar na rundunar Marin, wani reshe na sojojin Amurka, mutum mai dogon tarihin aikin soja, amma wanda bai taɓa gudanar da asibiti ko gidan tsofaffi ba, ba shi kuma da lasisin da ake nema a wurin masu gudanar da gidajen tsofaffi masu zaman kansu a jihar. Dokar lokacin ba ta wajabta masa wannan lasisi ba. Da cutar korona ta shiga gidan a watan Maris, ma'aikata suka yi ƙaranci, sai ranar 27 ga watan aka yanke shawarar haɗe sassa biyu na masu ruɗewar tsufa wuri ɗaya. Aka tara mutum kusan 40 a sashen da aka gina don 25, waɗanda aka tabbatar suna da cutar da waɗanda ba su nuna wata alama ba, gado kusa da gado, wasu har a ɗakin cin abinci. Waɗannan mutane ne da ba sa iya riƙe takunkumi a fuska, ba sa kuma gane dalilin da zai sa a ce su zauna wuri guda. Aƙalla tsoffin sojoji 76 ne suka rasu a wannan gida cikin 'yan makonni.

Gwamnan jihar na lokacin, Charlie Baker, ya ɗora wa wani tsohon mai gabatar da ƙara na tarayya, Mark Pearlstein, binciken lamarin, kuma rahotonsa na watan Yunin 2020 ya ce shawarwarin da shugabannin gidan suka yanke ba su da wata ma'ana ta fuskar hana yaɗuwar cuta, ya kuma ce Walsh bai cancanci riƙe irin wannan gida ba. Rahoton ya tono wani abu da ya shafi tambayarka kai tsaye: tun 2016 majalisar jihar ta ƙirƙiro muƙamin babban darakta mai ƙwarewa a harkar lafiya wanda zai sa ido kan gidajen biyu, amma ba a taɓa naɗa kowa ba. Wato an rubuta ƙwarewar a takarda, kujerar kuwa wayam. Sakataren ma'aikatar tsoffin sojoji na jihar, Francisco Ureña, ya ajiye aiki. Daga nan sai wani abin mamaki ya biyo baya: da gwamnati ta kori Walsh, ya garzaya kotu, kuma a watan Satumba alƙali ya ce korar ba ta halatta ba, domin kwamitin amintattu ne kaɗai doka ta ba ikon sallamarsa. Bayan mutuwar mutum 76 ne aka je gaban alƙali don a gano wanda yake da iko a kan shugaban gidan. Walsh ya yi murabus daga baya, kuma a 2022 jihar ta amince ta biya iyalai dala miliyan 56.

Ba Holyoke kaɗai ba ce. A gidan LaSalle na jihar Illinois mutum 36 suka rasu a ƙarshen wannan shekarar, a gidajen Paramus da Menlo Park na New Jersey kuma adadin ya kai kusan 200, har ma'aikatar shari'a ta tarayya ta fitar da rahoto a 2023 cewa jihar ta tauye haƙƙin mazauna gidajen. Na zaɓi Holyoke ne saboda a can ne aka fi ganin yadda girmama kaki ya rufe wa mutane ido daga tambayar da ya kamata a yi tun ranar tantancewa, wato ko wannan mutum ya san aikin da za a ba shi. Kwamitin da ke da tsohuwar shugabar ma'aikatan jinya ko likitan tsofaffi a cikinsa, da wuya wannan tambaya ta wuce shi.

Gyaran da Masacusets ta yi a watan Agustan 2022 ya cancanci ɗalibi irinka ya karanta shi da natsuwa, domin ya taɓa wurare da dama lokaci guda. An ɗaga ma'aikatar tsoffin sojoji ta zama mai sakatare a majalisar zartarwa, wanda yake amsa wa gwamna kai tsaye, kuma wanda aka fara naɗawa a 2023, Jon Santiago, likitan sashen gaggawa ne kuma soja. An mai da ikon naɗa shugaban gida da cire shi hannun sakataren, don kada a sake zuwa kotu neman mai iko. An wajabta wa shugaban gida lasisin gudanar da gidan tsofaffi, sannan aka ce ko dai ya kasance tsohon soja ko kuma ya taɓa kula da tsoffin sojoji a irin wannan gida. Ka lura da yadda aka jera su: lasisin dole ne, kakin kuwa ɗaya ne daga cikin hanyoyi biyu. An umarci ma'aikatar lafiya ta jihar ta riƙa duba gidajen aƙalla sau biyu a shekara, an kafa ofishin mai kare haƙƙin tsoffin sojoji wanda ba ya ƙarƙashin ma'aikatar, an rage kwamitin kowane gida zuwa mutum biyar, an kuma kafa majalisar gidajen ta jiha baki ɗaya mai mambobi 19. A nawa ganin 19 sun yi yawa ga wurin da ake so a yi tambaya mai zafi, domin taro idan ya cika kowa yakan jira wani ya fara, amma tunda aikinta na ba da shawara ne, iko kuma yana wurin sakatare, illar ba ta kai yadda za ta kai ba da a ce ita ke yanke hukunci.

Bari in nuna maka yadda ƙwarewa take aiki a teburi, don kada ka ɗauka maganar digiri ce kawai. Zaman irin waɗannan hukumomi a buɗe yake ga jama'a, kuma na taɓa halartar wani a matsayin ɗan kallo. An raba wa mambobi ƙunshin takardu mai kauri, shugaban gida ya tashi ya ce ma'aikata sun wadata, ya nuna jadawalin da ke tabbatar da cewa an cika sa'o'in jinyar da doka ta nema. Aka gyaɗa kai, har an fara shirin wucewa batu na gaba. Sai wata mamba, wadda ta yi shekaru tana shugabantar ma'aikatan jinya kafin ta yi ritaya, ta ɗaga hannu ta ce a nuna mata nawa ne daga cikin sa'o'in nan aikin ƙarin lokaci ne, nawa kuma na ma'aikatan haya da kamfani ke turowa, sannan a ware mata na daren Asabar da Lahadi daban. Ɗakin ya yi tsit. Ita ta san cewa matsakaicin lissafi na wata guda yana iya ɓoye daren da mutum biyu suka riƙe sashe guda, ta kuma san cewa ma'aikaciyar haya da ta zo jiya ba ta san wane dattijo ne yake shaƙewa idan an ba shi ruwa da sauri ba. Daga nan ta nemi alƙaluman faɗuwa da na gyambon kwanciya na watanni shida, domin su ne suke fara tashi idan hannu ya yi ƙaranci. Babu ko ɗaya daga cikin tsoffin hafsoshin da ke teburin da ya gaza ta kishi, tambayar ce ba su san da ita ba. Haka akanta yake yi idan aka kawo asusun rance: shi zai tambayi yawan waɗanda suka makara da biya da kuma abin da aka tanada don asara, alhali sauran suna kallon jimillar kuɗin da aka raba suna murna.

Amma ko an samu irin wannan mamba, akwai abin da zai iya mai da ita 'yar kallo. A 2003 ofishin babban mai binciken kuɗi na Kalifoniya ya duba hukumar jihar, kuma babban abin da ya samu shi ne hukumar ba ta fahimci iyakar ikonta ba, don haka ba ta shimfiɗa isassun manufofi ba, ba ta kuma sa ido a kan ma'aikatar yadda ya kamata ba. Ɗaya daga cikin ayyukanta shi ne sauraron ƙorafin tsohon sojan da ma'aikatar ta hana wa wani haƙƙi, amma a lokacin shawarar shari'a tana samunta ne daga lauyoyin ma'aikatar da ake ƙara. Duk ilimin mamba, idan takardun da zai karanta, lauyan da zai tambaya da sakataren da zai rubuta abin da aka tattauna duk na wanda ake sa wa ido ne, to abin da aka ga dama shi zai gani. Shi ya sa idan ina auna doka, bayan jerin kujeru nakan duba ko hukumar tana da ma'aikaci ko lauya nata na kanta, ko mambobi suna da ikon shiga gida ba tare da sanarwa ba, da kuma ko rahoton masu duba na tarayya yana isa hannunsu kai tsaye.

Sauran sharuɗɗan ba sa buƙatar dogon bayani. Ana rarraba ƙarewar wa'adi don kada sabon gwamna ya share hukuma gaba ɗaya ranar da ya hau. Ana neman amincewar majalisar dattawa don a rage naɗin 'yan lele. Ana raba kujeru bisa yanki, abin da yake da kyau matuƙar bai zama shi kaɗai ne ma'auni ba, kamar yadda Holyoke ta nuna. Ana hana kujera ga wanda yake da kwangila da ma'aikatar ko wanda ake biya don ya yi kamun ƙafa a majalisa, tunda ba a ba kura ajiyar nama. A nan ma akwai ɗan sarƙaƙiya, domin mutanen da suka fi sanin harkar gidajen tsofaffi sau da yawa su ne masu aiki a kamfanonin da ke neman kwangilar gudanar da gidajen, don haka waɗanda suka yi ritaya ko malaman jami'a sun fi dacewa da waɗannan kujeru.

Idan ka waiwayo gida za ka ga tsarin ya sha bamban. A Najeriya harkar tsaro da fanshon soja na tarayya ne, Hukumar Fanshon Soja ce ke biya, ƙungiyar 'yan mazan jiya ta Nigerian Legion da doka ta kafa a 1964 tana da rassa a jihohi, kuma gwamnoni sun fi tunawa da ita a bikin tunawa da 'yan mazan jiya na 15 ga Janairu. Jihohinmu ba sa gudanar da gidajen jinya irin na Amurka, saboda haka kada ka ɗauko tsarin can ka ɗora a nan kai tsaye.

Da za a tambaye ni wanne tsari na fi karkata gare shi, zan ce rinjaye ya zama na tsoffin sojoji, amma kada a ɗaure kujerun ƙwarewa da sharaɗin kaki. Matsalar tsarin Kalifoniya ita ce yana neman mutum guda ya haɗa abu uku: ya zama tsohon soja, ya zama ƙwararre a fanni kaza, sannan ya yarda ya ba da lokacinsa ga aikin da ba a biyan albashi sai ɗan kuɗin zama da na mota. Irin waɗannan mutane akwai su, amma ba su da yawa, kuma gwamnan da bai same su ba yakan bar kujerar babu kowa ko ya naɗa wanda ƙwarewarsa ta suna ce. A hukuma mai mutum bakwai, da zan so huɗu su zama tsoffin sojoji, cikinsu har da mace da mazaunin gida ko wani daga iyalansa, uku kuma su zama na ƙwarewa zalla: mai lasisin jinya ko gudanar da gidan tsofaffi, akanta ko mai binciken kuɗi, da masanin lafiyar ƙwaƙwalwa. Idan aka dace ƙwararren tsohon soja ne, to faɗuwa ta zo daidai da zama.

Da kake ɗalibi, idan ka ɗauko dokar kowace jiha, ka kula da kalmomin da aka yi amfani da su wajen bayyana ƙwarewar. Dokar da ta ce mamba ya kasance yana da "isasshen sani" a fanni ta bar wa mai naɗi ƙofa a buɗe, domin shi zai fassara abin da ya isa, alhali wadda ta ce ya riƙe lasisi kaza ko ya yi shekara kaza yana aikin ta ba majalisar dattawa da 'yan jarida abin da za su auna. Ka kuma duba abin da dokar ta tanada idan kujera ta daɗe babu kowa: ko akwai ranar da dole gwamna ya cike ta, ko ikon naɗin yana komawa hannun wani idan ya ƙi, da kuma ko hukumar za ta iya amincewa da kasafin gida ko naɗin shugabansa alhali kujerar masanin lafiya tana nan wayam. Dokoki da yawa suna lissafa adadin da zama zai halatta da shi ne da yawan kawuna kawai, ba tare da la'akari da kujerun da suka halarta ba, don haka mutum huɗu da babu ma'aikacin lafiya ko ɗaya a cikinsu suna iya zama su amince da tsarin hana yaɗuwar cuta na gida mai gado ɗari biyu.